Jana'izar Basira a Dandamisa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai share duk sauran abin da ke kaina (ya ma fara, shekaranjiya na tashi hankalin gida da neman hulata, tana bisa kaina), da ranar da na shiga Dandamisa a kan amalanken shanu na sa mutanen kirki kuka har da majina. Ku 'yan yanzu da kuke karanta labarin duniya a tafin hannu kuna tsaki, ku gyara zama ku ji irin wuyar da muka sha kafin a haifi iyayenku.

Ni mutumin Ikara ne. Na yi elemantare har aji uku, sai mahaifina ya ce bokon ya isa haka, gona tana jira. To amma a shekarun da aka karɓi mulkin kai, aji uku ba abin wasa ba ne. Ya isa mutum ya soka alƙalami a aljihun gaba ya riƙa tafiya yana kallon sama. Nawa alƙalamin ko tawada babu a ciki, amma wa ya isa ya ce in ba shi aro?

A lokacin kowa ya sami baki. 'Yan siyasa na da jaridunsu, 'yan mishan na da tasu. Sai wasu malamai na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan suka haɗa kai suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Suka kafa 'yar jaridarsu ta addini, rabi ajami rabi boko, aka raɗa mata suna Basira. Editanta shi ne Malam Iro na Kudan, wani dogon mutum siriri mai magana a hankali, wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, abin da ya sa tun farko bai dace da aikin jarida ba. A Zariya ake bugawa, motar kasuwa ta kawo, ni kuma in ɗaure a bayan keke in bi ƙauyuka. Malam yana ce mini mai kai jarida. Ni kuwa in an tambaye ni sai in ce ni ne Manajan Rarrabawa na Gabas. (Babu na Yamma.)

Basira da ciwonta ta zo duniya. Malam ya ce ba za a sa tallar taba ba, ba za a sa hoton mutum ba, ba za a zagi kowa ba. To me ya rage da mutum zai zare kwabonsa a kai? In ka yi sa'a mutum ɗaya ya saya a ƙauye, bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar mai unguwa ya karanta wa gari kaf, har maƙwabtan gari su aiko a ba su aro. Wasu kuma in na miƙa sai su karɓa da hannu biyu su ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa Malam lafiya." In ce, "Baba, ai sayarwa ake yi." Sai a dube ni kamar na yi saɓo. "Maganar Allah ce za ka sayar, yaro?" Na tara addu'a a kan keken nan wadda ta isa ta kai ni Makka a ƙafa, sai dai mai injin bugawa na Zariya ba ya karɓar addu'a.

Babban ciwon kuwa shi ne kwantai. Sauran jaridu in ba su ƙare ba, masu tsire da masu ƙosai ke saye su naɗe kaya, a rage hasara. Tamu kuwa kowane shafi aya ce da hadisi da sunan Allah. Wa zai naɗe ƙosai da Bisimilla? Ba a sayar wa mai tsire, ba a zubarwa a juji, ba a hura murhu da ita, ko tsallake ta ba a yi. Sai dai a tara.

Wanda ya riƙe mata rai shi ne Alhaji Tanimu, wani attajirin mazarƙwaila a Makarfi, mai injinan matse rake irin waɗanda doki ke juyawa, da babbar mota tasa ta kansa. Shi ba ya karatu, ba ajami ba boko, amma shi ke biyan mai inji duk fitowa. Tambayarsa ɗaya ce: "Ana karanta ta?" Malam ya ce, "Ana karantawa, Alhaji." Gaskiya ce kuwa. Bai taɓa tambayar ko ana saye ba. Amma duk mun sani, ranar da Alhaji ya ga tulin kwantan nan, ranar zai janye hannunsa, don ɗan kasuwa ne, ba abin da ya tsana kamar kaya a kwance. In ya janye kuwa, Basira ta gama.

Tulin yana wani tsohon ɗaki marar taga a bayan gidan Malam, ɗakin da mahaifiyarsa ta rasu a ciki. Da damina ta yi nisa sai matar Malam ta daina bi ta wajen. Ta ce da rana tsaka, in maza sun tafi gona gida ya yi tsit, tana jin ana buɗe shafi a ciki. A hankali, shafi bayan shafi, kamar mai karatu yana bi da yatsa. Wani lokaci a tsaya, kamar an zo kalma mai wuya, sannan a ci gaba.

Na yi dariya irin ta 'yan boko, na ce camfin mata ne. Na je na kara kunnena a jikin ƙyauren. Jama'a, ana karatu. Wata 'yar ƙara ce siririya, shar, shar, shar, ba ta sauri ba ta fasawa, kuma ba daga wuri ɗaya take fitowa ba, daga ko'ina ne, kamar ɗakin cike yake da mutane kowa ya sunkuya a kan tasa. Na yi sallama. Aka yi shiru. Shirun nan ya fi ƙarar muni, don shiru ne irin na waɗanda suka ɗago kai suna kallon ƙofa. Can sai aka ci gaba. Ban san lokacin da na isa zauren Malam ba.

Malam ya ce, "To alhamdu lillahi, ko ba komai mun sami masu karatu. Da ka tambaye su ko za su biya."

Ya tashi ya buɗe ɗakin da kansa. Wani wari mai sanyi ya fito, na tawada da danshi da ƙasa. Gara ce. Ta gina tun daga ƙasa ta hau tulin, ta cinye na ƙasan sarai. Malam ya ɗauki wani shafi, aya guda an cinye rabinta. Ya ce ba zai bar maganar Allah a bakin ƙwari ba. Ƙonawa, hayaƙi zai tara mutane. Rafi ya cika, in an zuba zai kai su har gonakin raken Alhaji. Saura binnewa. Ya ce akwai wata tsohuwar maƙabarta bayan Dandamisa da aka daina amfani da ita, can malaminsa yake kwance, in kai can ranar kasuwar Makarfi lokacin da maza sun watse.

"Kada ka yi wa kowa ƙarya," in ji shi, "kuma kada ka faɗa wa kowa."

"Allah gafarta Malam, in an tambaye ni fa?"

"Ka gajarta."

Muka nannaɗe jaridun muka jera su a tsaye-tsaye yadda za su shiga amalanke. Na kawo buhu, Malam ya ce ba za a sa aya a buhun gyaɗa ba, ya fito da sabon farin alawayyo. Muka naɗe, muka ɗaure can, muka ɗaure nan, muka ɗaure tsakiya, muka rufa tabarma. Muka ja baya muka duba. Matar Malam ta leƙo, ta yi salati, ta koma.

Na kama hanya da sassafe da shanun surukin Malam. Ranar ba rana ba iska. Sama ta sauko ƙasa-ƙasa, dawa da rake sun fi mutum tsawo dama da hagu, ko ganye ba ya motsi. Ba ka jin komai sai kukan ƙafar amalanke, da abin nan a bayana: shar, shar, shar. Na san gara ce, da idona na gan ta. Amma sani daban, ƙeyar mutum daban. Ko sau ɗaya ban waiwaya ba. Shanun ne ke ta waiwaye, kuma wata ungulu ta bi mu daga bishiya zuwa bishiya har muka wuce rafi, ban san me aka gaya mata ba. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya kauce ya tsaya, ya ɗaga tafuka yana motsa baki. Wani mai keke har sauka ya yi. Na gyara zaman alƙalamina, na ce a raina, mutanen wajen nan sun san darajar ma'aikaci.

Bayan azahar na iso bakin Dandamisa. Hanyar maƙabartar ta gaban wata tsamiya ta bi, ga tsofaffi a ƙarƙashi, waɗanda ƙafa ba ta kai su kasuwa. Na sauka na durƙusa, muka gaisa har gajiya da ruwa da iyali. Amma ba ni suke kallo ba. Wani mai farin gemu, Baba Jatau, ya ce, "Samari, daga ina?"

"Daga Kudan, Baba."

Suka dubi juna. Ɗaya bayan ɗaya suka dafa sanda suka miƙe.

"Daga Kudan. Wa ka ɗauko?"

(Ku lura, *wa* ya ce, ba *me* ba. Ni da aji ukuna ban lura ba.) Na tuna umarnin Malam. Ba ƙarya, a gajarta. Na kuma ce a raina waɗannan tsofaffin ina suka san wata jarida.

"Basira ce."

Salati ya tashi gaba ɗaya, har tsuntsayen tsamiyar suka watse. Wani ya zauna daɓas a ƙasa. Baba Jatau ya kama gefen amalanken. "Yaushe?"

"Ai ta daɗe tana jin jiki, Baba. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

"Allah sarki. Allah sarki, Basira. Babu gidan da ba ta shiga ba a garin nan."

Wani ya ce, "Duk 'ya'yanmu a hannunta suka buɗe ido."

Ina so ku fahimci halin da na shiga. Ni a sanina kwafi ɗaya tak nake sayarwa a Dandamisa, shi ma da ƙyar. Ga shi yau dattawa na cewa ta buɗe wa 'ya'yansu ido. Ƙirjina ya cika. Na ce ashe wahalarmu ba ta tafi a banza ba, ashe akwai inda aka san mu. Wallahi har ƙwalla na share.

Baba Jatau ya ce, "Ina sauran mutanen? Kai kaɗai aka turo?"

"Ni kaɗai. An ce in kai ta tsohuwar maƙabarta in rufe, ba sai an tara jama'a ba."

"Ba sai an tara jama'a ba!" Baba Jatau ya buga sanda a ƙasa. "Basira? A tsohuwar maƙabarta, a ɓoye, kamar mayya? Mutanen Kudan ba su da kunya? To ba a garin nan ba. Kawo igiyar."

Ya karɓe igiyar shanun daga hannuna. Na bi su a baya ina alfahari, ina shirya yadda zan ba Malam labari. Aka ƙwala kira gonaki, maza suka fito da fartanya a kafaɗa. Aka tsaya a ƙofar wani gida, majiya ƙarfi suka kama za su sauke. Suka ɗaga, suka ajiye, suka dubi juna.

Ɗaya ya ce a hankali, "Kai. Matar da iska ke ɗauka, ita ce da nauyi haka?"

"Rufe bakinka, ba a faɗa."

Matar. Kalmar ta tsaya mini a kunne. Kafin in gama juya ta, daga cikin gida wata murya ta tsage: "Wayyo Goggo! Wayyo Goggonmu!" Wasu suka amsa, har gidan ya ɗauka.

Na matsa kusa da Baba Jatau. "Baba, wace Goggo?"

Ya dube ni da tausayi. "Ɗan boko, an aiko ka ba ka ma san wadda ka ɗauko ba? Ungozomar garin nan ce. Tun farkon damina ta tafi jinya wurin 'yarta a Kudan. Ita ta raini Alhaji Tanimu na Makarfi, ƙanwar ubansa ce. Kada ka damu, an riga an tura masa mai keke."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na sani. Jikokina duk sun gaya mini. Amma in na ce jarida ce, Alhaji na hanya, zai zo ya tarar da kwantan da muke ɓoye masa shimfiɗe a ƙofar gidan goggonsa. In na yi shiru kuma, za a sallaci takarda. Sai na yi abin da masu aji uku suka saba: na ce bari in ɗan jira, wataƙila dabara ta zo.

Aka shimfiɗe ta a zaure, aka bar ni gadi, wai ni na san hanyarta. Zauren duhu, waje ma ya fara duhu. Mata suka aiko suna so a buɗe su ga fuskarta. Liman ya shigo, ya sunkuya, ya shaƙi warin nan na danshi, ya ja baya ya ce, "An riga an yi mata sutura, kuma ta kwana biyu. A rufa mata asiri." Ya juyo gare ni. "Ina kan yake?"

Na nuna masa wajen da muka jera kanun labarai. (Har yau ina cewa a nan ban yi ƙarya ba.)

Da ya fita sai wata tsohuwa makauniya ta lallaɓo daga cikin gida tana bin bango, ƙawar Goggo ce tun suna 'yan mata. Ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan likkafanin, ta shafa daga sama har ƙasa. Ta tsaya. Ta sunkuya ta kara kunne. Ni ma ina ji: shar, shar, shar. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago fuskarta daidai inda nake, da fararen idanun nan, ta ce, "Yaro, Basira ba ta yi shiru ba." Ta miƙe ta koma yadda ta zo. Gumin da ya karyo mini a zauren nan ya isa a yi wa gawar gaske wanka.

Dabara ba ta zo ba, Alhaji ne ya zo. Motarsa ta tsaya cike da 'yan kasuwa har bisa kan kaya. Ya sauko ba hula, ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. Ya gan ni, ya kama hannuwana biyu. "Ba kai ne na Malam Iro ba? Ashe har Malam ya san Goggo. Allah ya biya ku. Gaya mini, me ta ce na ƙarshe?"

Ba ƙarya, a gajarta. Na ce, "Ta yi ta roƙon a taimaka mata, Alhaji."

Sai da aka riƙe shi.

Masu haƙa suka aiko kabari ya yi. Aka fito da ita fili, aka yaye tabarmar, aka ja sahu-sahu. La'asar ba ta yi ba amma gari ya yi baƙi kamar an kife ƙwarya, ga wani haske rawaya-rawaya a gindin sama, farin alawayyon nan shi kaɗai ke ƙyalli a filin. Har yanzu ba iska. Ni ina sahun gaba kusa da Alhaji, ina cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa. Liman ya tsaya, ya fara ɗaga hannu. Sai ɗigon farko ya faɗo a kan likkafanin, ƙato. Sai na biyu. Sai ruwa ya sauko a tsaye.

Hannun Liman bai kai kunne ba ya tsaya. Yadin ya jiƙe ya manne, wani baƙi-baƙi ya fara tasowa daga ciki. Farko kamar tabo. Sai tabon ya yi ƙafafu, ya yi wutsiya, ya yi ɗigo. Baƙaƙe ne. Rubutun ajami manya-manya yana fitowa a jikin likkafani a gaban idon jama'a, layi ɗaya, ya sake fitowa a ƙasansa, ya sake, tun daga kai har ƙafa. Fitowar baya-bayan nan ce muka sa a waje, wadda Malam ya cika shafin gaba da roƙon masu karatu. Liman ya sunkuya, ruwa na zuba daga rawaninsa, ya karanta da wata murya da ba tasa ba:

"Kada... ku bari... Basira... ta mutu."

Ba wanda ya motsa. Ruwa kawai kake ji. Sai daga can bayan sahu wata 'yar siririyar murya ta ce, "Wa ya mutu?"

Muka waiwaya. Wata 'yar tsohuwa ce tsaye cikin ruwa, farin mayafi ya manne mata a jiki, sanda a hannu, ƙunshi a ka, ƙafafu duk laka.

Ban taɓa ganin sahu ya watse irin na ranar ba. Liman ya bar takalmansa. Baba Jatau, wanda ƙafa ba ta kai shi kasuwa, ya tsallake dangar gona. 'Yan kasuwa suka ɗare mota, direba babu. To ga abin da ya fi ci mini rai: ni, ni kaɗai a filin nan da na san abin da ke cikin likkafanin, ni da na ɗaure shi da hannuna, ni na riga kowa gudu. Na shige ƙarƙashin amalanke tsakanin ƙafafun shanu ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa.

Goggo ce da ranta. Ashe sauƙi ta samu, ta gaji da zaman gidan suruki, ta hau motar kasuwa aka sauke ta a bakin hanya ta tako. Alhaji ne kaɗai bai gudu ba, don ƙafafunsa sun ƙi, ya zauna a laka baki buɗe. Ta zo ta tsaya a kansa. "Tanimu, ina hularka?" Ta juya ta zunguri likkafanin da sanda. Ta durƙusa ta kwance ɗaurin da kanta. Jaridu suka zube, jiƙaƙƙu, gara na ta gudu a kansu.

Mutane suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, kowa na bayan wani. Aka gaya mata abin da ya faru. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To wa ya kawo ni?"

Da ƙafa aka jawo ni. Na tsaya a tsakiyar gari, kashin shanu tun daga gwiwa har gemu (lokacin gemun bai fi gashi bakwai ba), na yi bayani tun daga gara. Ba wanda ya yi dariya tukuna, sai daga baya, kuma da suka fara ba su daina ba har yau. Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba a hannuna aka haife shi ba. Da na gyara masa kai tun yana ɗanye."

Alhaji kuwa tulin yake kallo. "Malam ya ce mini ana karantawa."

"Ana karantawa, Alhaji. Saye ne ba a yi."

"Ni fa don sunan Goggo nake biya."

Goggo ta ce, "To ka ga inda sunan ya kai ni. Kabarin da kuka haƙa ba zai kwana da baki buɗe ba, ni kuwa ban shirya ba. Ku ba shi abin da aka kawo."

Amma kafin a kai, rabin kayan ya ɓace. Mutane sai sunkuyawa suke suna yagar shafin gaban nan suna cusawa a aljihu. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Ikara cewa akwai takardar da ta dawo da matacciya daga bakin kabari. Duk inda na bi da keke sai a tare ni, mai uwa a kwance, mai ɗa da zazzaɓi, kowa da kuɗinsa a hannu, abin da ban taɓa gani ba. Alhaji, ɗan kasuwa, ya ga abin da na gani. Ya tako har Kudan ya ce wa Malam ya yafe maganar kwantai, zai ci gaba da biya, har ya ƙara, in dai za a riƙa buga shafin nan kowace fitowa don masu ɗinka laya.

Ina raɓe a bakin zaure ina addu'a Malam ya ce to. Sai Malam ya ce, "Alhaji, Allah ya saka maka da abin da ka yi a baya. Amma ba don a rataya ta a wuya muka kafa ta ba. Takarda ce. Ba ta ta da kowa ba." Alhaji ya sa takalmansa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Malam ya sayar da ragonsa da wasu littattafansa ya buga fitowa ɗaya ta ƙarshe. Ya rubuta gaskiyar abin tun daga ɗakin har ƙarƙashin amalanke, bai rage ko kashin shanun ba. Kuma da yake yawancin masu neman layar ba sa karatu, sai ya ce in tsaya a kasuwar Makarfi da ta Kudan da ta Ikara, garinmu, inda surukaina ke sayar da barkono, in karanta musu da ƙarfi. Na karanta. Ita ce fitowa ɗaya tilo da ba ta yi kwantai ba. Daga ita Basira ba ta sake fitowa ba, wannan karon kuwa ba wanda ya ja sahu.

Goggo ta ƙara shekaru masu yawa tana karɓar haihuwa. Ranar da ta rasu da gaske, an ce sai da aka buɗe fuskarta kowa ya gani kafin Liman ya yarda ya tsaya. Ni ba a gayyace ni ba. Har yau a unguwarmu ba a aikena faɗin rasuwa, in kuma na ce wane ya rasu sai a tura wani ya dubo.

Darasin da na samu, ga shi kyauta tunda ku ma ba saye za ku yi ba: in ka ɗauko abu a farin yadi aka tambaye ka, fara faɗin ko mene ne kafin ka faɗi sunansa. In kuma malaminka ya ce ka gajarta, ka tambaye shi iya ina.